Madubin da na rantse babu shi

Na daɗe ina koyar da fiziks a ajin ƙarshe na sakandare, kuma duk shekarar da muka iso babin hasken eksire akwai jimla guda da nake rubutawa a allo in ja mata layi biyu: wai wannan haske ko dai ya ratsa abu ko ya nutse a cikinsa, babu madubin da ke iya mayar da shi, babu gilashin da ke iya tara shi wuri guda. Daga bakin malamina, Allah ya jiƙansa, na kwafe ta ina saurayi, kuma duk sa'ad da littafin darasina ya tsufa sai in kwashe ta in zuba a sabo. Jimlar ba daidai ba ce. Tun 1923 masana suka tabbatar da haka, amma yara da yawa sun fita daga hannuna da ita a ka.

Ba wai ta rasa asali ba ne. Wilhelm Röntgen, wanda ya gano hasken a garin Würzburg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba 1895, kusan abin da ya faɗa ke nan a takardarsa ta farko. Ya bi da hasken ta cikin ruwa da aluminiyam da aka yi wa siffa mai kusurwa uku, bai ga wata karkata da zai iya dogara da ita ba. Ya sa gilashin tara haske, bai tara komai ba. Ya nemi ya ga hasken ya dawo yadda na fitila ke dawowa daga madubi, bai gani ba. Abin da kayan aikinsa suka nuna masa shi ya rubuta, kuma babu mai zarginsa. Shi ya gwada da hannunsa. Ni kuwa gado na ci. Sa'an nan hankali ma yana ba jimlar gaskiya, domin duk wanda aka taɓa yi wa hoton ƙirji a asibiti ya san hasken nan yana wuce tsoka, ƙashi ne ke ɗan tare shi. Abin da ya ratsa mutum, wane madubi ne zai tsayar da shi?

Wata ɗaliba ce ta fara taɓa ni. Ina cikin jan layina na biyu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, a gafarce ni, na ga hoton wani tauraro da ya fashe a wayar yayana, kuma an rubuta a ƙasa cewa da madubin eksire aka ɗauke shi." Na ce, "Ke, ba duk abin da aka gani a waya ake kawowa aji ba. Zauna." Aji ya fashe da dariya, ni ma na yi murmushi. Bayan kwana biyu ta tare ni a bakin ofis da takarda da ta sa aka buga mata a shagon kwamfuta, ina jin da kuɗin tararta. "Malam, ga shi na kawo." Na ce madalla, na jefa a aljihun tebur. A raina ina cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Takardar ta zauna a nan har aka yi hutu, ranar da nake kwashe tarkace na buɗe ta don neman abin da zan naɗe alli da shi.

Hoton na'urar hangen nesa ce mai suna Chandra, da zanen madubinta. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune, daga nan kuma hutun nan kaf a bin diddigin maganar ya ƙare.

Ga yadda abin yake. Haske idan ya shiga ruwa ko gilashi karkata yake yi, kuma muna auna ƙarfin karkatar da lamba: ta ruwa 1.33, ta gilashi wajen 1.5. Ga hasken eksire, lambar kowane abu ƙasa da 1 take, amma da ɗan mitsitsin abu, kashi kaɗan cikin dubu ɗari ko cikin miliyan. Shi ya sa Röntgen bai ga komai ba. To amma wannan ɗan giɓin yana da sakamako. Kowace shekara ina koya wa yara cewa hasken da ke cikin gilashi, idan ya nufi iska a karkace sosai, ba ya fita, komawa ciki yake yi gaba ɗaya. Da eksire abin juyewa yake yi: hasken da ke waje, idan ya zo wa gilashi ko ƙarfe a kwance sosai, ba ya shiga, sai ya goge shi ya tashi. Duk wanda ya yi ƙuruciya kusa da kududdufi ya san wasan jifa da tsingaro. Ka jefa shi a tsaye ya nutse, ka sunkuya ka wurga shi kwance-kwance ya riƙa tsalle a kan ruwa. Wato ƙa'idar da za ta ƙaryata ni tana cikin littafina, babi kaɗan kafin jimlar, da rubutun hannuna.

Arthur Compton ne a Amurka ya nuna wannan a fili, ya buga sakamakon a 1923: ya sa hasken ya dawo daga gilashi da kuma azurfa, a kusurwar da ba ta kai rabin digiri ba. Gwargwadon ƙarfin hasken, gwargwadon ƙanƙantar kusurwar da ake buƙata. Gwargwadon nauyin ƙarfen da aka shafa wa madubin, gwargwadon sauƙin da ake samu. Dalilin da ya sa ake shafa zinariya ko filatinam ko iridiyam ke nan. A 1948 Paul Kirkpatrick da Albert Baez, a Jami'ar Stanford, suka gano dabarar tara hasken. Madubi ɗaya mai ɗan lanƙwasa yana matse shi ta fuska guda kawai, ya mayar da shi siririn layi. Sai suka sa na biyu a gicciye, ya matse layin ya koma ɗigo. A 1952 Hans Wolter, a garin Kiel na Jamus, ya zana wani tsari na daban, inda madubin bututu ne da aka goge cikinsa, hasken ya gogi kashi na farko, ya gogi na biyu, ya taru can gaba. Don na'urar duba ƙananan abubuwa ya yi zanen, sai dai a zamaninsa babu mai iya gugar da zanen ke nema. Masu nazarin taurari ne suka ɗauka. Riccardo Giacconi da Bruno Rossi suka kawo shawarar yin madubin hangen nesa na eksire a 1960, kuma tun da iskar duniya shanye hasken take yi, dole sai an kai na'urar sararin samaniya.

Wahalar duka tana wajen guga. Mai sauraren rediyo ya san zango, ya san tashar da ake kamawa a kan mita 49 ko mita 31. Haske ma yana da zangonsa, sai dai gajere ne ƙwarai. Na hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Na eksire bai wuce nanomita 10 ba, kuma yakan sauka ƙasa da nanomita ɗaya nesa ba kusa ba, har ya kai girman tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra. Madubin ɗaki, wanda ido ke gani sumul, ga irin wannan haske tudu da kwari ne. Abu biyu ake nema a lokaci guda: santsi, kada fuskar ta yi gurzu-gurzu fiye da ƙwayoyin zarra kaɗan, da kuma siffa, lanƙwasar ta bi lissafi daga wannan baki zuwa wancan. Madubi yana iya yin santsi na ban mamaki siffarsa kuwa a karkace.

Ba a sama kaɗai ake amfani da su ba. A manyan cibiyoyin sinkirotiron, irin ta Grenoble a Faransa da SPring-8 a Jafan, ana kora ƙwayoyin lantarki a zobe mai faɗi su fitar da eksire mai tsananin ƙarfi, kuma madubai irin na Kirkpatrick da Baez ne ke tara shi a kan abin da ake son aunawa: ƙwayar halitta guda, ko cikin batir yana aiki, ko inda ƙarfe da zinki suka taru a ƙwayar hatsi. Masanan Jami'ar Osaka, ƙarƙashin Kazuto Yamauchi, sun ƙware a wata guga da ake yi da ƙura mai laushi a cikin ruwa, wadda ke ɗebe ƙwayoyin zarra kaɗan-kaɗan, kuma a 2010 suka ba da rahoton matse hasken zuwa faɗin nanomita 7. Afirka dai ba ta da irin wannan cibiya ko ɗaya. Masanan nahiyar sun yi taron farko na neman a gina ta a 2015, kuma a Grenoble aka yi taron. Masu gugar madubi suna da magana da suke yawan maimaitawa, cewa abin da ba ka iya aunawa ba ka iya ƙerawa. Mai guga ba ya ganin tudun da yake gogewa. Ma'auni ne ke gaya masa ga tudu nan, ga kwari can. In ma'aunin ya yi ƙarya, ƙaryar zai goge har ta yi sheƙi.

Har zuwa nan ina ɗaukar laifina a matsayin rashin sani, rashin sani kuwa ba abin kunya ba ne sosai ga wanda ya koyi fiziks ba intanet ba ɗakin gwaji. Sai da na bi sawun waɗanda suka goge madubin Chandra jikina ya yi sanyi. Masana'antar tana garin Danbury a jihar Connecticut. A da ta kamfanin Perkin-Elmer ce, kafin kamfanin Hughes ya saye ta a 1989, kuma ita ce ta goge madubin na'urar hangen nesa ta Hubble.

Hubble ba ta eksire ba ce, da hasken da ido ke gani take aiki, kuma madubinta faifai ne mai faɗin mita 2.4. An gama gugarsa a 1981, aka harba na'urar ranar 24 ga Afrilu 1990, kafin ƙarshen Yuni hukumar NASA ta fito ta shaida wa duniya cewa hotunan dishi-dishi suke zuwa. Bakin madubin ya baje fiye da kima da kimanin maikiron 2.2, wajen kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi. Kwamitin bincike ƙarƙashin Lew Allen ya fitar da rahoto a Nuwamban shekarar, kuma abin da ya gano ya fi kuskuren kansa ban takaici. Akwai wata na'urar awo ta musamman da aka ƙera don ta nuna wa masu guga siffar da ake so, tana da madubai biyu da ɗan ƙaramin gilashi. Wajen saita gilashin an yi amfani da sandar ƙarfe mai murfi a kanta, an shafe murfin da fentin da ba ya mayar da haske, an bar 'yar kafa a tsakiya. Fentin ya ɗan ɓare. Hasken awo ya dawo daga murfin maimakon kan sandar, aka ajiye gilashin nesa da mazauninsa da milimita 1.3. Da ma'aikata suka ga abin ya ƙi zama yadda aka tsara, sai suka cusa washa suka cike giɓin, aiki ya ci gaba. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba wanda ya tsaya ya tambayi dalili.

Ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Akwai waɗansu na'urorin awo guda biyu a masana'antar, waɗanda ba su kai ta farko daraja ba, kuma dukansu sun nuna cewa madubin yana da aibu. Aka dubi sakamakonsu aka ajiye gefe, bisa hujjar cewa babbar na'ura ta fi su inganci, saboda haka in an sami saɓani su ne suka yi kuskure. Ga kuma kamfanin Kodak, wanda tun farko ya nemi aikin da shawarar a yi madubi biyu a wurare biyu kowa ya auna na ɗan'uwansa. Ba a ba shi ba, sai aka sa shi ya yi na ajiya, kuma nasa ɗin lafiyarsa lau, yau yana gidan tarihi a Washington. Rahoton Allen bai tsaya kan kamfanin ba, ya ɗora wa NASA nata kason na rashin sa ido. Sai a Disamban 1993 'yan sama jannati suka je da kumbon Endeavour suka sa wa Hubble kayan gyara gani.

Da na kai nan na ajiye karatun. Rashin sanin aikin Compton ba shi ne babban laifina ba. Ina da babban ma'auni, littafin da na gada daga malamin da nake girmamawa, sai ƙaramin ma'auni ya zo ya saɓa masa, sau biyu, na biyun ma a rubuce. Ban auna maganar ba, mai maganar na auna: yarinya ce, daga waya ta samo, ni ne malami. Mutanen Danbury ba jahilai ba ne, gwanaye ne na gaske, kuma gwanintar ce ta ba su ƙarfin halin ƙin duba takardar da ke gabansu. Ni ko gwanintar ba ni da ita, girman allo kawai ne.

Da aka koma makaranta na gaya wa wani abokin aikina abin da na yi niyya. Ya ce, "Haba Malam, ka gyara littafinka shiru mana. In ka faɗa a gaban yara raina ka za su yi." Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma na san haka akasarinmu muke yi. Amma a gaban aji na kunyata ta, gyaran ɓoye ba zai biya wannan bashi ba. Na shiga na ce su buɗe littattafansu su soke jimlar, na zana musu bututun Wolter a allo, sa'an nan na ce 'yar'uwarsu ce ke da gaskiya, ni ne na yi kuskure, kuma na sa an yi mata dariya ba da hakki ba. Na juya na ce, "Ki yi haƙuri, ki yafe mini." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Malam." Ba wanda ya raina ni, aƙalla ban gani ba. Sai dai zan yi ƙarya in na ce komai ya koma daidai. Har ta gama makarantar ba ta cika ɗaga hannu kamar da ba. Waɗanda suka riga suka fita kuwa ban san inda zan same su ba, kuma na tabbata a cikinsu akwai masu riƙe da alli yanzu.

Abin da ya rage shi ne yadda masu Chandra suka yi da darasin, domin su ba su da damar neman afuwa daga baya. Hubble tana kusa, a lokacin kumbo na iya zuwa gyara. Ita kuwa Chandra an tsara mata hanya mai nisa, wadda ke kai ta wajen sulusin tazarar da ke tsakaninmu da wata, inda ba mai zuwa da sifana. Tun kafin abin kunyar Hubble ya fito, majalisar dokokin Amurka ta gindaya sharaɗin sai an nuna madubin zai yiwu kafin a saki kuɗin sauran aikin. Bayan ya fito kuwa, ba wanda ke da bakin cewa a yarda da ma'auni ɗaya. Masanin da ke kula da madubin, Leon Van Speybroeck, da abokan aikinsa suka dage a kan kowane awo sai an tabbatar da shi ta wata hanya dabam. A 1991 aka ɗauki manyan madubai biyu na farko zuwa cibiyar Marshall da ke Huntsville a jihar Alabama, aka harbo musu eksire na gaske ta cikin bututun da aka zuƙe wa iska, mai tsawon fiye da mita 500. Da aka gama haɗa dukan madubin aka sake kai shi can, daga ƙarshen 1996 zuwa cikin 1997, aka yi ta gwaji. Hatta lanƙwasar da nauyin gilashin ke jawo masa a doron ƙasa, wadda za ta ɓace a sama, sai da aka yi lissafinta. Irin wannan gwaji na na'ura sukutum, da hasken da za ta yi aiki da shi, shi ne ba a yi wa Hubble ba.

Madubin da ya fito bututu takwas ne, biyu-biyu, jeri huɗu, wani cikin wani, mafi girma faɗinsa mita 1.2. Gilashin daga kamfanin Schott na Jamus ya zo, irin wanda zafi da sanyi ba sa motsa shi, aka goge a Danbury, aka shafa masa iridiyam a California, Kodak ya haɗa. Hasken yana gogarsa a kusurwar da ba ta kai digiri ɗaya ba, ya taru a nisan mita 10. Yana iya bambance abu biyu a sama da tazararsu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 3,600 na faɗin wata ba. Aka raɗa wa na'urar sunan Subrahmanyan Chandrasekhar, masanin taurari ɗan asalin Indiya, kumbon Columbia ya tashi da ita ranar 23 ga Yuli 1999 ƙarƙashin jagorancin Eileen Collins, mace ta farko da ta shugabanci irin wannan tafiya. Hoton farko da aka nuna wa duniya a watan Agusta na gawar tauraron nan ne da ake kira Cassiopeia A, kuma a tsakiyarsa aka ga ɗan ɗigon haske da ba a taɓa gani ba, ragowar zuciyar tauraron.

Aikin shekara biyar aka ɗiba wa Chandra. A Yulin 2024 ta cika shekara 25 tana aiko da hotuna, kuma tun ranar da ta bar ƙasa babu hannun da ya sake taɓa madubinta.